Mai Kallon Wasa a Waya, Shi Ma Liƙi Ya Hau Kansa

A ƙasar Hausa ba a taɓa yin kiɗa don kunne kaɗai ba. Makaɗi in ya zauna a fage, hannunsa na kan kalangu, idonsa kuwa na bakin ƙofa. So yake ya ga wa ya shigo, da wa suka zo, wace riga ce a jikinsa. Sanƙira na gefe yana raɗa masa: ga ɗan wane, jikan wane, shi ne ya haƙa wa unguwarsu rijiya. Nan take a sako sunan mutum cikin waƙa, 'yan amshi su karɓa, wata ta rangaɗa guɗa, wanda aka wasa ya taso yana taƙama ya yi liƙi. Da wannan liƙin makaɗi ke cin tuwo, da shi yake sake fatar ganga, da shi yake sallamar yaransa in an tashi.

Yau intanet ta kawo mana wasan da ake yi a Yamai da Legas da Landan har cikin shagunanmu na Tudun Wada, a daidai lokacin da ake yin sa. Ina murna da haka, kuma ba na cikin masu cewa waya ta kashe kiɗa. Sai dai ta tara wa makaɗi taron da kakanninsa ba su taɓa gani ba, kuma taro ne da ba ya liƙi. A ganina, wanda ya kalli wasa daga nesa ɗan taro ne daidai da wanda ke zaune a kan tabarma, abin da ya hau kan wancan ya hau kansa.

Ko Turawan da suka zo nazari nan Zazzau sun lura da wannan ƙa'ida. M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, ya fitar da maƙala a 1957 a kan roƙo, inda ya nuna cewa abu ne na ba-ni-in-ba-ka: maroƙi ya ɗaga sunanka a bainar jama'a, kai kuma ka nuna ka cancanci sunan da abin da ka fitar. David Ames ya biyo baya a shekarun 1960, ya zauna da makaɗan Zariya ya ɗauki kiɗansu, daga baya shi da Anthony King suka wallafa ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971. Duk inda ka bi bayanin makaɗanmu, ubangida da mai kyauta na nan tsaye kusa da ganga.

Rediyo na cikin abubuwan farko da suka raba kiɗa da wurin da ake yin sa. Tun da aka buɗe gidan rediyon Kaduna a 1962, mutumin da bai taɓa taka Maradun ba ya san muryar Musa Ɗanƙwairo, wanda bai san hanyar Jos ba ya san kukan kuntigin Ɗan Maraya. Mahaifina tela ne, kuma a shagonsa da ke kan hanyar Ƙofar Doka akwai wata rediyo mai rigar fata rataye a ƙusa, sama da keken ɗinki. In aka sako Shata, har masu jiran a rage musu ƙafar wando sai su gyara zama. Da yawansu sun bar duniya ba su taɓa ganin sa ido da ido ba, duk da cewa a nan Samaru Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988. A Masar ma haka aka yi: daren Alhamis ɗin farko na wata, in Ummu Kulsum za ta hau dandamali a Alƙahira, rediyo na watsa wasan kai tsaye, Larabawa daga Maroko har Iraƙi su kewaye akwatunansu. Amma mai sauraro a Bagadaza ba shi da ikon sa ta maimaita baitin da ya sosa masa rai. Wannan gata ne na waɗanda ke cikin zauren.

Kaset ya zo, sai faifan CD, sai memori da masu turi a bakin kasuwa, ka miƙa 'yan canji a cika maka waya da waƙoƙi. Kowane mataki ya ƙara wa mawaƙi nisan suna, ya kuma ƙara nesanta shi da aljihun mai sauraro. Barmani Choge ta rasu a 2013, Ɗan Maraya a 2015. Duk wanda ke da waƙarsu a wayarsa ya tambayi kansa ko sisinsa ya taɓa isa gidajensu.

Watsa wasa kai tsaye ta intanet ba irin waɗancan ba ne, kuma a nan nake ganin alheri. Daga 2016, lokacin da Facebook ya ba kowa damar watsa abin da ke gabansa da wayar hannu, YouTube da Instagram da TikTok suka bi sahu, an samu abin da rediyo ta kasa bayarwa: na nesa yana iya yin magana a ji shi a fage. Ana biki a Maraɗi, wani yaro na tsaye gefen mawaƙi da waya. Wani direban tirela da ya yada zango a Agege ya rubuta sunansa da na garinsu. Yaron ya duƙa ya faɗa wa mawaƙi, kafin direban ya ƙarasa kurɓar shayinsa ya ji an ambaci mahaifinsa daga nisan kilomita fiye da 1,000. Yaron nan mai waya aikin sanƙira yake yi, ko bai san sunan aikin ba.

Wannan hanya ta yi mana rana a shekarun da taro da tafiya suka gagara. A ƙarshen Maris 2020 aka kulle Jihar Kaduna saboda korona, biki ya koma na 'yan gida, Hawan Sallah ma aka fasa. A shekarar ce waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker ta zagaye gidaje ta waya, a lokacin da babu fagen da zai tsaya ya rera ta. Korona ta wuce ta bar mu da matsalar hanya. Wanda ya san abin da hanyar Birnin Gwari ta zama, ko ya tuna harin da aka kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris 2022, ba zai ga laifin magidancin da ya ce daga gida zai kalli ajon makaɗinsa ba. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 an rufe iyaka wata da watanni, sai a Maris 2024 Najeriya ta buɗe nata ɓangaren. Tsakanin Katsina da Maraɗi motoci sun tsaya, kiɗa bai tsaya ba.

Ranar Hawan Daushe ka leƙa Ƙofar Fada ka ga yadda wayoyi ke sama. Kowace ɗaya tana ɗauke da wasu idanu: Bazazzagin da ke Sabo a Ibadan, da na Fatakwal, da na Nima a Akra, da wanda ke aikatau a Jidda, duk suna jiran su ji an busa kakaki, tambari ya amsa, su san Sarki ya fito. 'Yan Tijjaniyyar unguwarmu da ba su da kuɗin zuwa Senigal suna kwana da Maulidin Kaulaha a tafin hannu. Masu son dambe suna bin fagen Kano da na Legas, kuma in ka lura ba naushin kaɗai ke riƙe su ba, har da kalangun da ke zuga ɗan dambe ya yi kirari.

Samarinmu kuma kallonsu ya wuce nan. Ranar 28 ga Afrilu 2022 Burna Boy ya cika zauren Madison Square Garden a birnin New York, aka watsa wasan kai tsaye a YouTube. Tsakaninmu da su awa 5 ne, don haka abin ya faɗo mana a tsakar dare, kuma cikin goman ƙarshe na azumi, lokacin da teloli ba sa ganin barci saboda ɗinkin Sallah. Shagon mahaifinmu yanzu yana hannun ƙanena. Yaransa suka yi karo-karo suka sayi data, suka jingina waya a jikin kwalin zare, janareta na ruri a waje. Ƙanena ya ɗago daga kan keke ya ce, "Kai, ku rage mana wannan abin, ba ku ji ana tahajjud ba? Gobe ma yana nan, sai ku kalla." Ƙaraminsu ya rage sautin, amma ya ce, "Maigida, na gobe ai turi ne. Wannan yanzu yake yi." Yaron ya fahimci abin da ya raba wasa da faifai: yana so ya kasance a wurin lokacin da abin ke faruwa, ko da wurin nasa kan benci ne a Tudun Wada.

Burna Boy bai yi asarar komai ba don yaran shagon tela sun kalle shi ba su biya ba. Ya sayar da tikiti, shafin nasa ne, yana da kamfani da lauyoyi. Damuwata tana ga mai algaitar da ke bin bayan dokin hakimi cikin rana, da mai gurmin da aka gayyato wurin suna, da tsohuwar da ke kaɗa ƙwarya a gidan biki. Su ne ake ɗauka, su ne ba a sani ba.

A bi kuɗin a gani. Kallo a waya ba kyauta ba ne, biya ake yi, illa dai ba mai wasan ake biya ba. Na farko da ke ci shi ne kamfanin sadarwa, kuma tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da na data har kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025, kowa ya ji a jikinsa. Na biyu shi ne kamfanin da ke da manhajar, wanda ke sayar da idonmu ga masu talla. Na uku shi ne mai shafi. YouTube ba ya raba kuɗin talla da mutum sai ya tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara guda, ko kuma miliyoyin kallo na gajerun bidiyo. Dattijon da ya yi shekara 40 yana goga kukuma, wanda ko lambar waya sai jikansa ya danna masa, yaushe zai kai nan? Wanda ke kaiwa shi ne saurayin da ke yawo biki-biki yana tattara wasan makaɗa 20 a shafi ɗaya, sunansa ne a sama, nasu ko a ƙasa babu. A TikTok kuwa mai kallo na sayen fure ko zaki da kuɗinsa ya jefa, a zatonsa liƙi ya yi. Kamfanin ya yanke kaso mai tsoka, ragowar ta faɗa asusun mai riƙe da wayar. Makaɗi ya tashi da abin da na kan tabarma suka ba shi kawai.

Doka ma ba ta yarda da haka ba. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, ta ba mai wasa iko a kan ɗaukar wasansa da watsa shi. Amma makaɗin ƙauye ba zai kai ƙara Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ba, bai ma san inda ofishinta yake ba. Abin da zai kare shi shi ne kunyar jama'a, irin wadda a da take hana mutum ya ji an wasa shi ya sulale ba tare da ya ajiye komai ba.

Akwai misali daga maƙwabtanmu da ke nuna abin da kan faru in an bi sawun mai waƙa. Mdou Moctar, Ba'abzinen Nijar mai kaɗa jita, a Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko a 2008, da irin gyaran muryar da sitidiyoyin waƙoƙin fim ɗin Hausa ke yi. Waƙoƙin suka bi memori daga waya zuwa waya har cikin Sahara. Wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tsinci ɗaya daga cikinsu, ya sa ta a kundin waƙoƙin wayoyin Sahara da kamfaninsa Sahel Sounds ya fitar a 2011. Bai tsaya nan ba, ya nemo masu waƙoƙin domin a biya su. Daga nan ƙofa ta buɗe. A 2021 gidan rediyon NPR na Amurka ya sa wasan da Mdou da mutanensa suka ɗauka a Yamai a intanet, kuma yau yana zagaya Turai da Amurka. Ba don jitarsa ta fi gurminmu daɗi ba ne. Wani ne ya tambayi sunan mai kiɗan, ya kuma nemi adireshinsa.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce zuwa da kai ya fi aike, kuma gaskiya ne. Lasifikar waya ba ta iya ɗaukar nauyin tambari, wanda a ƙirji ake jin sa kafin kunne. Ba ta kawo ƙurar dawaki ko ƙamshin turaren 'yan biki. Amma mutumin da ke Jidda ba tsakanin fage da waya yake zaɓi ba, tsakanin waya da babu ne. Kuma ban ga alamar waya ta rage cunkoson Ƙofar Fada ba.

Za a kuma ce yawancin abin da ake watsawa ba wasa ba ne, kwaikwayon wasa ne. Wannan ma akwai ƙamshin gaskiya. Mun sha gani a wurin dina da wasan Sallah: DJ ya saki waƙar da aka gama gyarawa a sitidiyo, mawaƙi ya riƙe makirufo yana motsa baki yana tsalle. In wuta ta ɗauke, sai a ga fallasa. To, wannan ai hujja ce a gare ni. Waɗanda ke iya tsayawa su ƙaga baiti nan take a kan mutumin da yanzu suka ji sunansa, su ne makaɗan gargajiya da 'yan kaɗan daga mawaƙan zamani. Su ne watsa kai tsaye ya fi dacewa da su, su ne kuma ba sa samun komai a ciki.

Ƙorafin da ya fi nauyi a wurina na mata ne. Kamu da wuni da kiɗan amada a cikin gida ake yin su, tsakanin mata, kuma sakin jikin da ake yi a wurin ya dogara ne a kan cewa ba baƙon ido. Wadda ta ɗaga waya a irin wannan wuri ta watsa wa duniya ba tare da ta tambaya ba, ta ci amana. An ga gidajen da rawar minti biyu ta jawo musu rigimar da ta kai gaban iyaye. Ba kowane kiɗa ne na nesa ba, kuma ikon cewa a'a na masu gida ne. Malaman da ba sa sauraron kiɗa kwata-kwata ina girmama matsayinsu, amma na tabbata ko su ba za su ce a ci gumin wani ko a tona sirrin gidansa ba.

Kada mu manta kuma cewa igiyar nan a hannun wasu take. A Satumban 2021 an katse layukan waya a Zamfara, daga baya aka haɗa da wasu ƙananan hukumomin Kaduna, har da Giwa da ke nan kusa da mu. Ƙauyukan da suka fi haifar makaɗa su ne suka fi fama da rashin sabis. Saboda haka duk wasan da aka samu damar watsawa, ya kamata a adana shi da sunan mai shi.

Abin da ya rage shi ne gyara, kuma ba mai wuya ba ne, domin kayan aikin na hannunmu. Ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya koya wa kowa tura kuɗi ta waya, yau mai shayi da mai tsire duk lambar asusunsu na manne a bango. Ga kuma sashe na 21 na dokar Babban Banki ta 2007 da ya hana watsa naira a wurin biki, wanda tun 2024 EFCC ke gurfanar da mutane a kansa har ana ɗauri. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Liƙi ta waya bai saɓa wa doka ba, ba a tattake shi, ba kuma wanda zai tsince shi a ƙasa ya sa a aljihu.

Mai watsa wasa ya fara neman izini. Ya faɗi sunan makaɗi da garinsu, ya sa lambar asusun makaɗin, ba tasa ba, inda kowa zai gani. In shafinsa na kawo kuɗi, a yi maganar kaso tun kafin a ɗora sanda a kan ganga. Makaɗi kuma ya daina cewa abin na yara ne: ya sa ɗansa ko jikansa ya buɗe masa shafi da sunansa, abin da ya shigo a raba da 'yan amshi da sanƙira yadda ake raba na fage. Mai kallo ya tuna yaba kyauta tukwici. Mutum 1,000 in kowa ya tura naira 200, an haɗa naira 200,000, kuma ba wanda zai ce ya fi ƙarfinsa alhali ya ƙona fiye da haka a data.

Manya ma da nasu aikin. A Disamban 2024 UNESCO ta sa Hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ake karewa, alamar cewa idon duniya ya juyo kan hawanmu. Masarautar Zazzau, a ƙarƙashin Mai Martaba Ahmed Nuhu Bamalli, tana iya sa a riƙa watsa hawa da na'urar ɗaukar sauti ta gaske kusa da makaɗan fada, a riƙa faɗin sunan mai busa da mai kiɗa da taken da yake yi, kamar yadda ake faɗin sunan hakimin da ke kan doki. Jami'ar da ta karrama Shata tana da sashen wasan kwaikwayo da na harsunan Afirka, tana da ɗalibai masu neman aikin bincike. Me zai hana a ware dare ɗaya a wata a Samaru, a gayyato tsofaffin makaɗan ƙasar Zazzau ɗaya bayan ɗaya, a biya su, a watsa, a adana? Masu kallo suna nan daga Kumasi har Khartum, ba sai an neme su ba.

Kafin manya su motsa, akwai abin da ni da kai za mu iya. Sallah mai zuwa, in ka buɗe waya ka ji busa ko kiɗa ya ratsa ka, tambayi mai shafin sunan mai yin sa da lambar asusunsa. In ya ba ka, ka tura abin da ya sauƙaƙa, ka kuma faɗa wa na kusa da kai. In ya yi kunnen uwar shegu, fita ka nemi wani shafin. Ranar hawa masu ɗaga waya ba sa ƙarewa, kuma da zarar sun ga masu kallo na bin wanda ke faɗin sunan makaɗi, dukkansu za su koyi faɗa.